Tsuntsayen da ke taku a kan kiɗa: labarin wasan Nintendo da ko makaho yana iya cinyewa

Garken tsuntsaye ne masu dogayen ƙafafu kamar na zalɓe, kowane rukuni da nasa launin, suna tafe a jere suna sauke ƙafa tare a kan kowane bugu na kiɗa. Ɗaya daga cikinsu shi ne naka. Aikinka bai wuce danna maɓalli a daidai lokacin da sauran ke taka ƙasa ba. Babu bindiga, babu dodo, babu tseren mota. Wanda ya hango daga nesa zai ce ai wannan wasan yara ne ƙanana. To, miƙa masa na'urar ya riƙe. Kafin minti ɗaya za ka ga ya fara haɗa gumi, tsuntsunsa na ta tuntuɓe alhali 'yan uwansa na tafiya abinsu.

Sunan wannan ɗan wasa Flock Step, wato takun garke. Yana cikin wasanni kimanin 50 da kamfanin Nintendo na Japan ya tara a faifai ɗaya mai suna Rhythm Heaven Fever, wanda ya fito a kan na'urar Wii a watan Yuli na 2011 a Japan, sannan ya isa Amurka da Turai a 2012. Su kuma tsuntsayen ana ce musu Huebirds of Happiness, ma'ana tsuntsayen launi masu kawo farin ciki. Sunan wasa ne da kalmomi: Turawa suna da tsohuwar magana kan shuɗin tsuntsu mai kawo farin ciki, wadda wasan kwaikwayon Maurice Maeterlinck na 1908 ya ƙara yaɗawa, sai masu fassara suka sauya farkon kalmar, shuɗi ya koma kowane irin launi.

Maganar waɗannan tsuntsaye ta sake tasowa ne tun watan Maris na 2025, lokacin da Nintendo ya sanar da sabon kashi mai suna Rhythm Heaven Groove, ya ce zai fito a kan na'urar Switch a 2026. A lokacin, kusan shekara goma masoya wasan suka yi suna jira, domin kashi na ƙarshe kafin shi ya fito ne a 2015. A tsawon wannan jira kuwa, tsofaffin kashin sun yi ta ɓacewa daga kasuwa.

Mawaƙin da ya kai wa Nintendo shawara

Asalin wasan ba daga injiniyoyin kwamfuta ya fito ba, daga wani mawaƙi ne. Mitsuo Terada, wanda duniya ta fi sani da Tsunku, haifaffen Osaka ne a 1968. Shi ne mawaƙin ƙungiyar Sharam Q, kuma shi ya jagoranci ƙungiyar 'yan mata mawaƙa ta Morning Musume tun kafuwarta a 1997, yana rubuta musu waƙa yana tsara musu kiɗa. Mutumin da ya shafe shekaru yana koya wa matasa yadda za su shiga kiɗa a kan lokaci, ya san inda gizo ke saƙar.

A wancan zamani wasannin kiɗa sun riga sun cika gari. PaRappa the Rapper ya fito a 1996, Beatmania a 1997, Dance Dance Revolution a 1998, Taiko no Tatsujin a 2001. Sai dai kusan dukkansu hanya ɗaya suke bi: alamomi ko kibiyoyi za su riƙa gangarowa a allo, kai kuma ka danna idan alamar ta iso kan layi. Wato ido ne ke aiki, kiɗan rakiya kawai yake yi.

Tsunku ya ga cewa wannan ba ya koya wa mutum jin kiɗa. A 2004 ya kai wa Nintendo tsarin wasan da ba zai dogara da waɗannan alamomi ba. Aikin ya faɗa hannun Kazuyoshi Osawa, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi WarioWare, shi kuma Ko Takeuchi ya ɗauki nauyin zane. Abin da ya fi ba mutane dariya a tarihin aikin shi ne shawarar da Tsunku ya bayar cewa ma'aikatan su je su koyi rawa. Kuma sun je. Ka ƙaddara masu rubuta manhaja, mutanen da suka saba zaman kujera daga safe har dare, an jera su ana ƙirga musu taku. Hujjarsa ita ce, wanda bai ji bugun kiɗa a jikinsa ba, ba zai iya gina wasan da zai sa wani ya ji ba.

Kashi na farko, Rhythm Tengoku, ya fito ranar 3 ga Agusta, 2006 a kan ƙaramar na'urar Game Boy Advance, kuma a Japan kaɗai aka sayar da shi. Na biyu ya fito a kan Nintendo DS a 2008, ya ƙetara zuwa Amurka da sunan Rhythm Heaven da Turai da sunan Rhythm Paradise a 2009. An sayar da fiye da kwafi miliyan uku, har mawaƙiya Beyoncé ta fito a tallarsa a Amurka.

Kurata shuɗɗa da kyaftin mai faɗa

A wannan kashi na DS ne tsuntsayen farko da suka yi suna suka bayyana, a wani ɗan wasa mai suna Blue Birds. Kurata ne shuɗɗan tsuntsaye a filin horo, ga kyaftin ɗinsu a gefe yana ba da umarni. Umarnin biyu ne rak. In ya ce a yi tsattsaga, sai ka taɓa allo sau uku a kan kiɗa da ɗan alƙalamin na'urar, tsuntsunka ya sassari ƙasa da baki. In ya ce a miƙe wuya, sai ka danne, ka jira, ka fizge alƙalamin. Shi ke nan fa.

To ina wahalar? Wahalar tana cikin jira. Kyaftin zai ba da umarni a cikin kiɗan, kai kuma dole ka riƙe hannunka har bugun da ya dace ya iso. Mai gaggawa zai rigaya, mai nawa zai makara, dukkansu kyaftin zai nuna musu fushinsa. Can da tafiya ta yi nisa, sai a fara nuno hotunan wahalar horon da tsuntsayen suka sha, ga ban dariya ga ban tausayi. Da gangan aka sa su. Kana ɗaga ido ka kalla, kiɗan ya wuce ka.

Wannan dabara ita ce zuciyar duk jerin wasannin. Ana ba ka abin kallo mai kyau, sannan a yi amfani da shi a ja hankalinka, ko ma a rufe maka shi gaba ɗaya. A wasan garken nan na Wii, tun kana ganin tsuntsunka a sarari, sai garken ya yi ta ƙaruwa, hoton ya ja baya, har ka koma kana laluben naka a cikin taron launuka. A lokacin ne za a gane ko da ido kake bi ko da kunne. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A nan kam, ji ne ke ceton mai gani.

Akwai kuma wani zaɓi da masu wasan suka yi wanda ya ba mutane mamaki. An san Wii da sandar da ake kaɗawa a iska, ita ce ma ta sayar da na'urar. Amma a Fever sun ajiye kaɗa sanda a gefe, suka tsaya a maɓalli biyu, A da B. Taku na A ne, tsalle kuma sai ka haɗa biyun. Dalilin a fili yake: danna maɓalli yana da lokaci guda tak da za a iya aunawa, kaɗa hannu kuwa ba a san takamaiman inda ya fara da inda ya ƙare ba.

Me ya sa kunne ya fi ido a nan?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kirɓa sakwara ya ga wannan ilimi a aikace. Ɗaya na sauke taɓarya, ɗaya na sa hannu a turmi tana juya curin. Da mai juyawar za ta jira sai ta ga taɓarya ta taso sannan ta yanke shawara, da tuni yatsu sun tafi. Abin da ke tsare hannunta shi ne ta riga ta san lokacin da bugu na gaba zai sauka. Haka lugude yake in mata biyu ko uku suka haɗu a turmi ɗaya.

Masana sun auna wannan. Mutum yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa kafin ya mayar da martani ga abin da ya gani ba zato. Kiɗan da ke da bugu 120 a minti kuwa, rabin daƙiƙa ne kacal tsakanin bugu da bugu. Ka ga ke nan mai jiran ya gani sannan ya danna, kullum a makare yake. Amma idan aka sa mutane su riƙa buga yatsa a kan sautin da ke maimaituwa, sai a tarar ba sa makara, yawanci ma suna ɗan rigayar sautin da ƙiris. Ƙwaƙwalwa hasashen bugun take yi, ta aika wa hannu saƙo tun kafin sautin ya iso.

Shi ya sa wasan ke da tsanani wajen ba da maki. In ka gama, hukunci uku ne: ka sake, ko ba laifi, ko ka yi zarra a ba ka lambar yabo. Bayan kowane wasa huɗu sai a kawo gauraye, a cakuɗa maka su a cikin sabuwar waƙa, kana cikin taku da tsuntsaye sai ka tsinci kanka a wani wasan daban, kuma kiɗan bai tsaya ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya. Wani lokaci kuma a ba ka damar yin wasa ba kuskure ko ɗaya, gwaji uku kawai, in ka ɓata ta wuce sai wani jiƙon. Duk da haka akwai sassauci: in wani wasa ya gagare ka sau uku, akwai wani kare mai shagon shayi a cikin wasan da zai yi maka tayin tsallakewa.

Su tsuntsayen gaske fa?

Tambayar da za ta zo wa mai karatu ita ce, shin tsuntsu na gaske yana iya bin kiɗa, ko dai zane ne kawai? Amsar ta ba masana kansu mamaki. An daɗe ana ɗauka cewa ɗan Adam ne kaɗai ke iya daidaita motsin jikinsa da bugun kiɗa. Sai a 2007 bidiyon wani farin aku mai tukku, Snowball, da ke zaune a wata mafakar tsuntsaye a jihar Indiyana ta Amurka, ya karaɗe YouTube yana kaɗa kai yana ɗaga ƙafa a kan waƙar Backstreet Boys.

Masanin ƙwaƙwalwa Aniruddh Patel da abokan aikinsa suka je suka gwada shi. Suka riƙa ƙara wa waƙar sauri suna ragewa, su ga ko akun zai bi. Sakamakon da suka wallafa a mujallar Current Biology a 2009 ya nuna cewa yana bi ɗin, ko da yake ba koyaushe ba: yakan shiga kiɗan na ɗan lokaci, ya fita, ya sake shiga. Patel ya danganta wannan baiwa da iya kwaikwayon murya, abin da aku da ɗan Adam suka yi tarayya a kai. Daga baya, a 2013, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz suka nuna cewa wata dabbar ruwa da ake kira zakin teku, mai suna Ronan, ita ma ta koyi kaɗa kai a kan kiɗa, alhali ba a san jinsinta da kwaikwayon murya irin na aku ba. Muhawarar dai ba ta ƙare ba.

Batun garke kuma wani ilimi ne daban. Manomin gero da dawa a yankin Tafkin Chadi ba ya bukatar a ba shi labarin yadda dubban jan-baki ke juyawa a sama kamar hayaƙi, ba mai karo da wani. A birnin Rum na Italiya, inda wasu ƙananan tsuntsaye ke rufe sararin samaniya da hunturu, wata tawagar masana da ta haɗa da Giorgio Parisi, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2021, ta ɗauki hotunan garken daga kusurwoyi daban-daban. Abin da suka wallafa a 2008 shi ne, kowane tsuntsu maƙwabtansa shida ko bakwai kawai yake lura da su, ko suna kusa ko suna ɗan nesa. Babu shugaba, babu mai ba da umarni. Tsuntsayen Nintendo sun bambanta da wannan, domin su kiɗa ɗaya ne ya ɗaure su. Amma jin da mai wasa ke yi idan takunsa ya narke cikin na garke, har ya daina bambance nasa da na sauran, shi ne ladar da wasan ke bayarwa.

Wasiƙar da aka amsa da rubutun makafi

A 2017 wani labari ya fito daga Japan wanda ya tabbatar da abin da Tsunku ya nufa tun farko. Wani yaro ɗan firamare, wanda cutar daji ta raba shi da idanunsa tun yana ƙarami, ya rubuta wa Nintendo wasiƙa. Ya gaya musu cewa yana son yin wasan bidiyo kamar sauran yara amma kusan duk sun fi ƙarfinsa, sai wannan jeri na Rhythm Heaven, wanda yake bugawa da kunne har ya ƙware. Ya roƙi su ci gaba da yin irinsa. Kamfanin ya mayar masa da amsa, har da kwafi cikin rubutun makafi na Braille domin ya karanta da yatsunsa. Mahaifinsa ne ya sa labarin a Twitter, ya zagaya duniya.

Shi kansa Tsunku jarrabawa ta same shi ta inda ba a zata ba. A farkon 2014 ya sanar cewa yana fama da cutar dajin maƙogwaro. A watan Afrilu na 2015, a bikin karɓar sababbin ɗalibai na Jami'ar Kindai inda ya yi karatu, ya tsaya a gaban taro bai ce uffan ba, jawabinsa na fitowa a rubuce a babban allo: an cire masa igiyoyin murya domin a ceci ransa. Mawaƙi ya rasa murya. Bayan wata biyu, a watan Yuni na 2015, kashi na huɗu ya fito a Japan a kan na'urar 3DS, wanda daga baya aka sa wa suna Rhythm Heaven Megamix, ɗauke da wasanni fiye da 100, tsofaffi da sababbi. Har da wata kaza mai tuƙa mota, wadda sai ka ƙirga bugun kiɗa daidai kafin ka sake ta, in ka zarce ta faɗa ruwa. Bai daina tsara kiɗa ba, kuma da shi aka shiga aikin sabon kashin.

Kafin ka fita nema

A nan ne matsalar take ga mai son gwadawa, ko uban da ke son saya wa yaransa. Nintendo ya daina ƙera Wii da DS da 3DS. Ranar 27 ga Maris, 2023 kuma ya rufe sayar da wasanni a shagonsa na intanet na 3DS da Wii U. A Amurka, Megamix ta wannan shago kaɗai aka sayar da shi, ba a yi masa kaset ba, don haka wanda bai saya ba kafin ranar, ƙofa ta rufe. A Turai ne aka yi na kaset. Abin da ya rage shi ne kasuwar kayan hannu.

In za ka shiga wannan kasuwa, ka riƙe abu uku. Na ɗaya, suna: kayan da suka fito daga Turai ba za ka ga Rhythm Heaven a jikinsu ba, Rhythm Paradise za ka gani, na Wii kuma Beat the Beat: Rhythm Paradise. Na DS na Turai har da fassarar Faransanci a ciki, waƙoƙin ma an sake rera su. Na biyu, Wii da 3DS suna da kullen yanki, wato faifan Turai ba zai yi aiki a na'urar Amurka ba. Tsohuwar DS ce ba ta da wannan matsala. Na uku, jinkiri. Wasu talabijin na zamani suna ɗan riƙe hoto da sauti kafin su fitar, abin sauraro na Bluetooth ma haka. A fim ba za ka lura ba, amma a wasan da ake auna ƙiftawar ido, sai ka yi ta faɗuwa kana zargin hannunka. In talabijin ɗin yana da tsarin wasa a cikin saitinsa, kunna shi, kuma ka fi son abin sauraro mai waya.

Sai kuma a kula da wayar hannu. Nintendo bai taɓa fitar da wannan wasa a kan waya ba. Duk manhajar da ka gani tana ɗauke da sunan ko zanen tsuntsayen, ba daga kamfanin take ba, kuma irin waɗannan sukan zo da tallace-tallacen da ba ka san me za su nuna wa yaro ba.

Ga iyaye, abin lura shi ne kowane ɗan wasa minti ɗaya zuwa biyu ne, ba a sayar da komai a cikinsa, ba a haɗa yaro da baƙi a intanet. Amma gajartar ita ce tarkon, domin "bari in sake sau ɗaya" yana iya cinye awa guda ba a ankara ba. Kuma wasa ne na kiɗa da waƙa tun daga farko har ƙarshe, ba ya yiwuwa a kashe sauti a buga shi, don haka kowane gida sai ya auna da nasa tsarin. Wanda ya yanke shawarar saya, gara ya sa a kunna masa na'urar da faifan tare a gaban mai shago, ya buga wasa ɗaya ya ji sautin na fita daidai, kafin ya miƙa kuɗinsa.